Gargaɗi ga maza: in zafin fitsari ya ƙi tafiya, a ajiye kafso a tafi gwaji

Wannan kira ne ga duk namijin da yake jin zafi ko raɗaɗi idan yana fitsari, ko yake jin ƙaiƙayi can cikin gabansa inda hannu ba ya kaiwa, ko yake tashi da asuba ya ga ɗigon farin ruwa ko mugunya a bakin mazakutarsa, ya sha magani kuma abin ya ƙi tafiya, ko ya lafa na 'yan kwanaki ya sake dawowa. Ɗan'uwa, kada ka ƙara sayen kafso ko ƙwaya ɗaya. Kada ka sake shiga bayan labulen kemis a tsira maka allura. Ka dakata da kusantar iyalinka, ka tafi asibiti cikin makon nan a ɗebi ruwan ko fitsarin a auna. In kana da mata, ɗaya ce ko huɗu, maganar ta riga ta shafe su.

Ba kai kaɗai ba ne, balle kunya ta hana ka buɗe baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an sami sababbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗu da ake ɗauka ta hanyar jima'i, a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. Fiye da miliyan ɗaya ke nan kowace rana ta Allah. Gonoriya, wadda ita ce ciwon sanyin da iyayenmu suka sani, ta kama miliyan 82. Kilamidiya miliyan 129, tirikomonas miliyan 156, tunjere miliyan 7 da ɗoriya. Dukansu huɗu suna da magani, kuma ana warkewa sarai. Abin da yake sa mutum ya shekara yana fama shi ne ana ɗura masa maganin wata cuta alhali wata ce daban take cinsa.

Dalili kuwa, kowace irin ƙwayar cuta ta shiga bututun fitsarin namiji, alamun kusan iri ɗaya ne: zafi, ƙaiƙayi, ɗiga. Gonoriya takan fito da sauri, kwana 2 zuwa 5 bayan saduwa, da mugunya mai kauri, rawaya ko mai ɗan kore, da zafin da ba ya bari mutum ya yi shiru. Kilamidiya takan ɗauki mako 1 zuwa 3, ruwanta tsararo ne, wani lokaci da safe kawai ake ganinsa, kuma kusan rabin mazan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai. Sau da yawa tare suke shiga. Sai a yi wa mutum allurar da ta kashe gonoriya, mugunya ta ɗauke, ya yi hamdala, bayan mako biyu ɗan farin ruwa ya ɓullo. Sai ya ce sanyin ya dawo. Kilamidiya ce da ta biyo baya, wadda allurar ba ta taɓa ta ba tun farko.

Irin wannan ruwan ne yake kai wasu zauren malam maimakon asibiti. Suna ɗauka maziyyi ne ko wadiyyi, tambayarsu ita ce hukuncin alwala da na wando. Tambayar tana kan hanya, amma maziyyi da sha'awa yake zuwa, wadiyyi kuma bayan fitsari, babu ɗaya daga cikinsu da yake zuwa da raɗaɗi ko yake manne bakin mazakuta kowace safiya. Malamai, Allah Ya gafarta muku, in kun gama ba da fatawa ku ƙara da cewa a je a ga likita.

Akwai wata ƙwayar kuma da yawancin masu sayar da magani ba su ma taɓa jin sunanta ba, maikofilazma. A farkon shekarun 1980 aka gano ta a Landan, a jikin maza masu irin wannan koke. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce ita ce sanadin kusan kashi 40 cikin 100 na ciwon bututun fitsarin da ya ƙi warkewa ko yake dawowa. Ga inda gizo ke saƙar: fenisilin da danginsa suna kashe ƙwayar cuta ne ta hanyar fasa ɓawon da ke lulluɓe da ita, ita kuwa maikofilazma ba ta da ɓawon. Ka shanye kwalin Ampiclox, ka ƙara da Amoxil, a yi maka allurar seftiriyazon, tana nan daram. Doksisaikilin shi kaɗai kusan mutum ɗaya cikin uku yake warkarwa, azitiromaisin kuma a ƙasashe da yawa ta riga ta gagare shi. Magani biyu ake jera mata, ɗaya bayan ɗaya, kuma likita ne yake zaɓa. Tirikomonas ma, wanda ya yi yawa a Afirka, jinsinsa daban ne da sauran, maganinsa dangin Flagyl ne, duk waɗancan ba sa yi masa komai. To, ta yaya mai kemis zai rarrabe waɗannan da ido, kai kana tsaye a bakin kanta kana magana ƙasa-ƙasa don kada na bayanka ya ji?

Wani zai ce ai ya yi gwaji, an ce fitsarinsa lafiya lau. A nan nake so a tsaya a saurara da kyau, domin a nan aka fi yin asarar kuɗi.

Gwajin fitsarin da aka saba yi, wanda ake ba ka kwalba a ce ka zubar da na farko ka tari na tsakiya, an tsara shi ne don gano ƙwayoyin da ke cikin mafitsara. Fitsarin farkon da aka sa ka zubar, shi ne ya wanko bututun, shi ne ke ɗauke da shaidar da ake nema. Ban da haka, kilamidiya ba ta tsira a farantin da ake shuka fitsari a kai, a cikin ƙwayar halitta mai rai kawai take rayuwa. Maikofilazma kuwa ko a manyan ɗakunan bincike takan ɗauki makonni har watanni kafin ta tsiro. Saboda haka takardar da ta ce ba a ga komai ba gaskiya ta faɗa a kan abin da aka nema, amma ba a nemi ciwonka ba.

Gwajin da ya dace ga shi. Ka riƙe fitsarinka aƙalla awa ɗaya, in ya kai biyu ya fi, ko ka tafi da safe kafin ka kama ruwa. Kada ka wanke gaban da sabulu ko Dettol, kada ka share ruwan. In akwai ɗiga, ma'aikaci zai ɗebi kaɗan ya shafa a gilashi, ya rina, ya duba a madubin ƙara girma. A namijin da ke fitar da mugunya, wannan gwaji mai arha yana kama gonoriya fiye da sau 9 cikin 10, kuma a ranar ake samun sakamako. Yana kuma nuna ko akwai kumburi na gaske a bututun ko babu. In an ga gonoriya, musamman ga wanda ya riga ya sha magani bai warke ba, a shuka ta a gwada wane magani ne har yanzu yake cin ta. Sai kuma gwajin da ake kira PCR, mai neman ƙwayar halittar cutar kanta, wanda shi ne ke gano kilamidiya da maikofilazma da tirikomonas. Shi fitsarin farko ake ba shi, wanda ya fara fitowa, kamar cokalin cin abinci ɗaya ko biyu, ba a cika kwalbar. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita a asibitocinmu tana iya gano gonoriya da kilamidiya cikin minti 90, in an samar mata da kayan wannan gwajin. Ka tambaya, tambaya ba ta cin kuɗi.

Ka tafi da duk kwalaye da ledojin magungunan da ka sha, har da na gargajiya, ka zube wa likita a tebur. Maganin da ka haɗiya jiya yana iya dusashe cutar ta ƙi fitowa a gwaji ba tare da ta mutu ba. Ka faɗi ranar da ka yi saduwar ƙarshe, da mutum nawa cikin wata biyu, da kuma yadda aka yi ta. Gonoriya tana zama a maƙogwaro da dubura ba tare da wata alama ba, kuma fitsari ba ya nuna ta a can. Likita ba alƙali ba ne, ba ɗan Hisba ba ne, aikinsa ya hana shi fitar da sirrinka. Ƙaryar da za ka yi masa kanka za ta dawo.

Gaskiya ne PCR yana da tsada kuma ba ko'ina ake yinsa ba. A ƙananan asibitoci, in namiji ya zo da ɗiga a karon farko, ana haɗa masa maganin gonoriya da na kilamidiya lokaci ɗaya ba tare da jiran gwaji ba. Wannan tsari ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi inda babu kayan aiki, babu laifi a cikinsa. Amma tsarin ya ce in abin bai tafi ba bayan mako ɗaya a koma, a duba wasu dalilan, a tura mutum gaba. Maimaita magani iri ɗaya sau uku ba ya cikin tsarin kowa. Wanda ya kai wannan mataki ya nemi takardar turawa zuwa babban asibiti mai ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta da likitan mafitsara, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, ko manyan asibitocin Maraɗi da Damagaram da Yamai. Kuɗin motar bai kai abin da ka riga ka kashe a kemis ba.

Sai maganar sitaf. Babu takardar da ta talauta mazan Nijeriya irin wadda aka rubuta an ga sitaf a ciki. Wannan ƙwaya tana zaune a fata da hancin kusan mutum ɗaya cikin uku masu ƙoshin lafiya, kuma in aka ɗebi fitsari ko maniyyi ba da kula ba, daga fata take faɗawa cikin kwalba. Tana iya jawo maruru da ciwo mai tsanani a wasu sassan jiki, amma ba ta cikin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i. Duk da haka an gina kasuwa guda a kanta: mota da lasifika a bakin tasha, talla a rediyo, jarka bayan jarka, a ce sanyi ne ya kama mara, ya tsinka maniyyi, ya rage ƙarfi, sai an yi wankin ciki na wata uku. Mutum yana can yana yaƙi da abin da ba ya damunsa, kilamidiya tana nan tana aikinta. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ma ba shaida ba ce cewa yana kashe gonoriya. Ka karanta ƙananan rubutun da ke jiki, za ka ga an ce hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Shan magani barkatai kuwa ba kai kaɗai yake cutarwa ba. Gonoriya ƙwaya ce mai saurin koyon darasi. Ta gagari magungunan salfa tun shekarun 1940. A 1976 aka gano nau'inta mai narkar da fenisilin, kuma ɗaya daga cikin tushensa biyu nan ne Afirka ta Yamma. Tetirasaikilin, kafson nan ja da yalo, ya bi sahu. A 2007 Amurka ta cire sifiro daga jerin magungunan gonoriya, amma har gobe shi ake miƙo wa matasanmu a leda. Abin da ya rage a hannun yawancin likitocin duniya shi ne allurar seftiriyazon, ita ma an fara samun tangarɗa. A 2018 wani mutum a Ingila ya kamu da nau'in da ya gagari allurar da azitiromaisin gaba ɗaya, sai da aka yi kwana uku ana ba shi wani magani ta jijiya. Duk wanda ya sha rabin magani ya ajiye don zafi ya ragu, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba, kuma abin da ya tsira shi zai kai wa na gaba. Allurar jentamaisin da ake jera wa mutane kwana biyar ko bakwai a kemis tana iya lalata ƙoda, tana iya kurmantar da mutum.

Yanzu maganar da maza ba sa so a yi. Babban dalilin da yake sa ciwon ya dawo bayan an yi maganin da ya dace shi ne ba a yi wa matar ba. Mafi yawan matan da ke ɗauke da kilamidiya ba sa ganin wata alama, gonoriya ma takan zauna shiru a jikinsu. Maigida ya warke, ya koma ɗaki, ya sake ɗaukowa. A gida mai mata biyu ko uku, in an yi wa uwargida ba a yi wa amarya ba, kwanan girki ne zai riƙa zagayawa da cutar. Ƙa'ida ita ce duk wadda ka sadu da ita cikin kwana 60 da suka wuce a duba ta a yi mata magani, ko tana jin ciwo ko ba ta ji, ta gida da ta waje, kuma a lokaci ɗaya. Sannan babu saduwa har sai kwana 7 sun cika bayan magani, kowa ya gama nasa, alamu sun ɗauke. Kada ka raba mata naka maganin a ɓoye ka ce na shawara ne. In tana da ciki, akwai magungunan da ba su dace da ita ba, irin su doksisaikilin.

Na san abin da ke tsorata mutum: za ta tambayi daga ina. Gonoriya da kilamidiya ba a ɗaukarsu a masai, ko a buta, ko don an sha ruwan sanyi ko an kwanta a siminti, kuma ba a gadonsu. Amma gwaji ba ya faɗin wanda ya kawo, ba ya faɗin yaushe. Kilamidiya tana iya zama shekara a jiki ba a sani ba, tana iya biyo mutum daga auren da ya gabata, nasa ko nata. Don haka kada wani ya riƙe takardar asibiti ya ce hujjar saki ce. In bakinka ya yi nauyi, ku tafi tare likita ya yi bayani. Wanda kuma ya san a ransa inda ya ɗebo, tsakaninsa da Allah wannan, amma barin baiwar Allah da ciwon da ba ta san da shi ba zalunci ne na biyu a kan na farko.

Domin ita ce ta fi biyan kuɗin shirunka. Cutar tana haurawa daga bakin mahaifa ta kumbura bututun da ƙwai ke bi, ta toshe su. Daga nan sai ciwon mara na kullum, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, ko rashin haihuwa. Sai dangi su ce juya ce, a matsa wa miji ya ƙara aure, ya kai wa sabuwar abin da ya hana ta farko haihuwa. Jaririn da aka haifa ta jikin uwa mai gonoriya, bayan kwana 2 zuwa 5, tun kafin suna, idanunsa suna iya kumbura su riƙa zubar da mugunya. Wannan ba na ɗiga nono ko sa kwalli ba ne, a ranar ake kai shi asibiti, in ba haka ba yana iya makancewa. Kai ma ba ka tsira ba. Cutar tana gangarawa maraina su kumbura, hanyar maniyyi ta toshe. Bututun da ya daɗe da kumburi yana yin tabo ya tsuke, bayan shekaru fitsari ya koma siriri, sai an yi nishi, wata rana ya tsaya cak a sa maka roba, wani ma sai an huda mara. Akwai kuma ƙanjamau: gyambon da ke cikin bututu ƙofa ce a buɗe. Wani bincike da aka yi a Malawi aka buga a 1997 ya nuna mazan da ke da ƙanjamau tare da ciwon bututun fitsari, ƙwayar cutar a maniyyinsu ta ninka ta masu ƙanjamau marasa ciwon bututun sau takwas, kuma ta ragu bayan an yi musu maganin ciwon.

Shi ya sa duk wanda aka samu da ɗaya daga cikin waɗannan sai an ɗebi jininsa an duba ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta nau'in B. Kowannensu yana da lokacin da yake ɓuya. Gwajin ƙanjamau na yatsa yana iya ɗaukar kwana 90 bayan saduwa kafin ya nuna, tunjere ma haka. Wanda ya yi saduwar da yake tsoro, akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72. A lura kuma: gwajin kafin aure da Jihar Kano ta wajabta a 2024, na ƙanjamau da ciwon hanta da jinsin jini, abu ne mai kyau, amma gwajin jini ne. Ba ya ganin gonoriya, ba ya ganin kilamidiya. Ango mai ɗiga yana iya karɓar takardarsa fes.

Ba kowane zafin fitsari ne daga jima'i ba, kuma wannan ma gwaji ne kaɗai zai wanke mutum. Manomin rani da masunci da duk mai shiga ruwan fadama ko madatsa, in yana ganin jini a ƙarshen fitsari, a duba tsargiya. Ita fitsarin ƙarshe ake tara, da tsakar rana. Mai ciwon suga yakan yi ƙaiƙayi da jan kan mazakuta. Akwai tsakuwar ƙoda, wadda rashin shan ruwa a lokacin zafi ke ƙarfafawa. Dattijon da ya haura 50 yana tashi fitsari sau da yawa da dare, a duba masa ƙullutun furostet. Wasu kuma an yi musu duk gwajin da ya dace, babu cuta, babu kumburi, amma suna jin nauyi a mara ko tsakanin maraina da dubura har wata uku ko fiye. Wannan ciwo ne da likitocin mafitsara suka sani, kuma ƙarin kafso ba ya cikin maganinsa. Mai matsa gabansa sau goma a rana yana duba ko wani abu zai fito, ko yake wanke ciki da Dettol ko gishiri, shi yake hana wurin hucewa. Ko bayan an kashe cutar, ɗan raɗaɗi yakan saura na mako ɗaya ko biyu kafin fatar ciki ta koma daidai.

Akwai halin da ba a jiran gobe. Fitsari ya tsaya gaba ɗaya mara ta cika. Maraina sun kumbura da zazzaɓi. Gaɓɓai sun kumbura, ƙuraje sun fito, jiki ya yi zafi bayan an yi ɗiga. Ido ya yi ja yana mugunya. Mafi gaggawa, ciwo mai tsanani ya faɗo wa ɗan maraina ɗaya farat ɗaya, musamman ga saurayi: yana iya zama murɗewa ya yi jini ya yanke, kuma awa shida ne ake da su kafin ɗan marainan ya mutu. Ko tsakar dare ne a nufi sashen gaggawa.

In an gama magani, kada ka ruga a sake maka PCR kafin mako uku su cika sai dai in likita ne ya sa, domin gawar ƙwayar cutar tana iya sa gwajin ya nuna akwai alhali ta mutu. Amma bayan wata uku ka koma a sake duba gonoriya da kilamidiya ko da kana jin garau, don a wannan tsakanin ne aka fi sake kamuwa. Lokacin ne kuma gwajin jini na ƙanjamau da tunjere zai ba da amsar da za a dogara da ita, sai ka haɗa su a tafiya ɗaya, kai da iyalinka.